Maharbi, barewa da iskar hunturu

Mai karatu, idan kana zaune a Azagor ko wani gari na ƙasar Dakoro, ka san iskar hunturu. Tana tasowa daga arewa maso gabas, ta ratso Hamada, ta zo da ƙura da sanyi. Takan fara a watan Nuwamba, ta kai har watan Fabrairu ko Maris. A lokacin an gama aikin gona, ciyawa ta bushe, shi ya sa tun kaka da kakanni maharba suke ɗaukar baka da kwari su shiga daji neman barewa. Wannan darasi zai bayyana abin da iska take yi wa maharbi, da dalilin da ya sa maharbi na ƙwarai yake mayar da kibiya cikin kwari idan iska ta yi ƙarfi.

Iska tana kai wari

Barewa dabba ce mai tsoro. Ba ta da makamin da ya wuce hanci da kunne da ido da gudu. Jikin mutum kuwa yana da wari: gumi, hayaƙin murhu, taba da sabulu. Iska ce take ɗaukar wannan wari ta kai shi nesa. Idan tana bugun ƙeyar maharbi, to warinsa ya riga shi isa wurin barewa. Idan tana bugun fuskarsa, warin ya koma baya.

Saboda haka kafin maharbi ya fara sanɗa, sai ya ɗebi ƙasa mai laushi ko toka ya saki, ya ga inda ta nufa. Daga nan ya kewaya, ko da tafiyar za ta yi tsawo, har iska ta dawo masa a fuska. Wasu sukan ɗaura kan burtu a goshi su duƙa, don dabba ta ɗauka tsuntsu ne yake kiwo. Wannan dabara ido kawai take ruɗawa, ba ta ruɗin hanci.

Iska tana ɓoye motsi

Iska matsakaiciya, mai busowa daga gefe ɗaya, abokiyar maharbi ce. Tana kaɗa ciyawa da rassan itatuwa, sai ƙarar takun ƙafa ta ɓace a ciki. Amma idan ta tsananta, dabba takan kasa gane inda sauti da wari suke fitowa. Sai ta tsargu, ta rage kiwo, ta nemi mafaka a bayan tudun rairayi ko gindin sarƙaƙiya, kuma ƙaramin abu yakan sa ta zabura. A cikin kwari da tsakanin tuddai iska takan yi juyi. Maharbi yana jin ta a fuska yanzu, an jima kaɗan ta koma bayansa.

Iska tana karkatar da kibiya

Kibiyar Bahaushe kyauro ne marar nauyi, da ƙarfe a baki. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara, to haka take yi wa kibiya. Idan ta buso daga gefe, sai ta ture kibiya daga inda aka auna. Gwargwadon nisan wuri, gwargwadon kaucewarta. Iska tana kuma girgiza baka a hannu lokacin da aka ja tsirkiya, ƙura tana shiga ido, sanyi yana sandarar da yatsu.

A nan ne haɗarin yake. Kibiyar da aka nufi ƙirji da ita sai ta sami ciki ko cinya. Dabba ta gudu da rauni, iska ta shafe sawunta a kan rairayi, ƙura ta rufe jini. Maharbi ya koma gida hannu rabbana, barewa kuwa ta je ta mutu cikin wahala, ta zama abincin dila da ungulu. Idan mace ce mai shayarwa, ɗanta ma ya tafi. Kibiyar da ta kauce tana iya samun akuya ko raƙumi, ko yaron da ke kiwo a bayan kurmi, wanda hazo ya hana a gani. Idan da dafi a bakinta, abin ya fi muni.

Barewa ta yi ƙaranci

A wannan yanki ana samun barewa iri biyu: ƙaramar barewar sahara mai launin rairayi, da wadda ta ɗan fi ta girma, mai baƙin zane a gefen ciki. Duka biyu masana sun sa su cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Barewa takan ɗauki ciki kusan wata 6, kuma galibi ɗa ɗaya take haifa. Farin 1973 da na 1984, da yaɗuwar gonaki, da farauta da mota da bindiga, duk sun rage su. Yau asarar uwa ɗaya ba ƙaramar asara ba ce.

A arewa da Azagor akwai gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe a 1955, mai faɗin hekta 76,000. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya take kulawa da su. A 2018 aka kawo raƙuman dawa 8 daga yankin Kure aka sake su a ciki. An haramta farauta a wannan gandu. Dokar farauta ta Nijar ta 1998 kuma ta ɗora sharaɗin neman izini, ta hana farauta a lokacin da ba a buɗe ba, ta hana farautar dare, da ta mota, da kora dabbobi da wuta.

Wuta da iska

Hana wuta yana da dalili babba. A lokacin hunturu, guntun taba ko garwashin shayi da aka bari ya isa ya tada gobara. Iska ta kora ta, kafin mutane su taru ta cinye makiyaya mai faɗi. Abin da shanu da tumaki za su ci har faɗuwar damina ya zama toka cikin yini ɗaya.

Shawarwari

1. Kafin ka ɗauki baka, ka je wurin ma'aikatan gandun daji ka tambayi dabbar da aka halatta da lokacin da aka buɗe.
2. Kada ka shiga gandun Gadabeji da makami.
3. Idan iska tana tada rairayi tana lanƙwasa rassa, ka fasa harbi.
4. Kada ka saki kibiya sai ka ga abin da ke bayan dabba.
5. Ka ƙyale mace mai ciki ko mai ɗa.
6. Kada ka kunna wuta a daji. Idan ka dafa shayi, ka binne garwashin da ƙasa.

Sanin iska da sawu da halin dabba ilimi ne da maharba suka gada. Wanda ya iya bin sawun barewa shi ya fi kowa iya gano inda take kwana, da inda ɓarayin daji suka bi. Sarkin baka da mutanensa suna iya taimaka wa masu tsaron gandu da wannan sani. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Idan muna so jikokinmu su ga wannan gudu da idonsu, sai mu bar musu uwar da rai.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Daga wane gefe iskar hunturu take tasowa?
2. Me ya sa maharbi yake son iska ta buge shi a fuska?
3. Faɗi abu biyu da kan faru idan kibiya ta kauce.
4. Yaushe rabonka da ganin barewa kusa da garinku? Me dattawa suke cewa game da yawansu a da?