Ƙuri'a Ɗaya Ba Abin Rainawa Ba Ce: Darasi Daga Zaɓen Amurka



A zagayen da muke yi cikin ƙauyuka domin aikin rijiyoyi da rumbunan hatsi, dattawa masu sauraron rediyo sukan tare mu bayan sujada da wannan tambaya: yaya aka yi a Amurka mutum ya fi kowa yawan ƙuri'u, amma a ce ya faɗi zaɓe? Mun ga ya dace mu yi bayani a wannan fitowa, domin akwai abin koyo a ciki.

Yadda suke zaɓen shugaban ƙasa

A Amurka ba jimillar ƙuri'un ƙasa ake dubawa ba. Kowace jiha cikin jihohi 50 tana da wasu mutane da ake kira wakilan zaɓe, su ne ke zaɓen shugaban ƙasa. Yawansu daidai yake da yawan kujerun jihar a majalisar tarayya. Kalifoniya mai yawan jama'a tana da 54, ƙananan jihohi kuwa 3 kacal. Duka-duka su 538 ne, wanda ya sami 270 shi ne shugaba.

A jihohi 48, ɗan takarar da ya zo na ɗaya yakan kwashe dukan wakilan jihar, ko da ƙuri'a ɗaya ya fi. Shi ya sa a 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump da ƙuri'u kusan miliyan 3 a ƙasa baki ɗaya, amma shi ya hau mulki.

Wa ke da ikon naɗa wakilan?

Tsarin mulkin Amurka, wanda aka rubuta a 1787, ya bar wa majalisar dokokin kowace jiha ta tsara yadda za a naɗa wakilanta. Bai ce lallai sai talakawa sun jefa ƙuri'a ba. A farko majalisun jihohi da yawa su ke naɗa wakilan da kansu, jihar Karolina ta Kudu ma ta ci gaba da haka har 1860. Yau dukan jihohi sun miƙa zaɓin ga jama'a, amma da dokar jiha suka miƙa, wadda 'yan majalisar jiha ke rubutawa.

An ga nauyin wannan iko a zaɓen 2000 tsakanin George Bush da Al Gore. Mutum kusan miliyan 6 suka yi zaɓe a jihar Fulorida, amma tazarar ta tsaya a ƙuri'u 537. Ana cikin gardamar sake ƙirga, majalisar jihar, inda jam'iyyar Bush ke da rinjaye, ta fara shirin naɗa wakilan da kanta. Kotun Ƙoli ce ta raba gardama ranar 12 ga Disamba, ta tsayar da ƙirgar. Bush ya kwashe wakilan Fulorida 25, ya ci da 271.

Bayan zaɓen 2020 kuma, Trump da magoya bayansa sun matsa wa majalisun wasu jihohin da Joe Biden ya ci su naɗa wasu wakilai dabam. Babu majalisar da ta yarda. A 2022 majalisar tarayya ta yi doka cewa dole a bi ƙa'idar da jiha ta kafa tun kafin ranar zaɓe, ba a canja ta bayan an ga sakamako. Duk da haka, majalisun jihohi ne har yanzu ke tsara yawancin dokokin rajista da na jefa ƙuri'a.

Ƙaramin zaɓe mai riƙe da babba

Kun ga ke nan, kujerar ɗan majalisar jiha da mutane ke rainawa, ita ke riƙe da makullin babban zaɓe. A 2017, a wata mazaɓa ta jihar Bajiniya, 'yan takara biyu suka yi kunnen doki, kowanne da ƙuri'u 11,608. Sai da aka sa sunayensu cikin kwano aka zaro ɗaya. Da wannan kujera jam'iyyar Rifablikan ta riƙe majalisar da 51, abokan hamayya 49. Da mutum ɗaya cikin waɗanda suka zauna a gida ya fito, da ba a kai ga kwano ba.

Abin da ya shafe mu

Mu a Nijeriya ba mu da wakilan zaɓe, kai tsaye muke zaɓen shugaban ƙasa. Amma majalisun jihohinmu su ke amincewa da kasafin kuɗin da za a yi hanya da asibiti da makaranta, kuma ba a gyara tsarin mulki sai majalisu 24 cikin 36 sun yarda. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, amma kimanin miliyan 25 ne suka fito. Wato cikin mutum huɗu, kusan uku sun bar wa wasu su yanke musu hukunci.

Ba aikinmu ba ne mu gaya muku wanda za ku zaɓa. Roƙonmu shi ne kowa ya karɓi katinsa na zaɓe ya adana. Matasa su taimaki tsofaffi da naƙasassu zuwa rumfar zaɓe. Zumuntar Mata su tuna wa juna ranar zaɓen majalisar jiha kamar yadda ake tuna ranar kasuwa. Kada mu sayar da shekara huɗu a kan gishiri da sabulu. Ku san sunan ɗan majalisarku, ku tambaye shi abin da ya yi. Da yayyafi kogi kan cika.

Mu ci gaba da yi wa shugabanninmu addu'a. Ubangiji ya ba ƙasarmu salama. Amin.