Jimlar sharaɗi a Ingilishi da Hausa: misali daga shirin ko-ta-kwana a Agadas

A farkon watan Satumba na 2009 ƙoramar Telwa ta yi ambaliya a Agadas, gidajen ƙasa masu yawa suka rushe. Takardun gargaɗi na irin wannan annoba, sau da yawa da Ingilishi ko Faransanci ake fara tsara su, sannan a juya su zuwa Hausa, harshen kasuwa da hulɗa a garin. Ginshiƙinsu kuwa jimlar sharaɗi ce, saboda haka ya cancanci a dubi yadda ake juya ta.

1. Kalmar «if» ba ta da wuyar fassara, «in» ko «idan» ne takwararta. Bambancin yana ga lokaci. Ingilishi yana sa aikatau a lokaci mai ci, kamar yadda Faransanci ke yi bayan «si», amma Hausa shuɗaɗɗen lokaci take ɗauka, ko da abin bai auku ba tukuna:

(a) Idan ruwa ya shiga gida, a hau tudu.

2. Tarkon yana ga «in case», wadda ta yi daidai da «au cas où» ta Faransanci. Gaɓarta ta farko ta yi kama da «in» ta Hausa, alhali ma'anarsu ta sha bamban. A kwatanta:

(b) A tanadi hatsi in ruwa ya yanke hanya.
(c) A tanadi hatsi tun yanzu saboda ko-ta-kwana, don ruwa na iya yanke hanya.

A jimla (b) tanadi yana jiran ambaliya, a (c) kuwa yana riga ta. Mai fassarar da ya zaɓi (b) ya umarci magidanci ya nemi hatsi bayan hanyar kasuwa ta toshe.

Ma'anar (c) ba baƙuwa ba ce ga mutanen Abzin. Ayarin gishiri mai ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma yakan ajiye damman ciyawa a hanya domin raƙuma su ci a dawowa. Madugu ba ya jiran raƙumi ya durƙushe kafin ya yi tanadi.

3. Kalmar «unless» ta fi sauƙin fahimta idan aka gabatar da hani, sannan togiya ta biyo:

(d) Kada a ƙetare ƙorama sai in ruwa ya janye.

4. Sharaɗin «da … da», kamar «da an tanadi hatsi, da ba a sha wuya ba», na abin da ya riga ya kuɓuce ne. Wurinsa rahoton bayan annoba, ba takardar umarni ba.

Saboda haka ya kamata masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su raba darasi biyu: abin da za a yi idan ta faru, da abin da za a yi tun ba ta faru ba. Kalmomin «tun yanzu» su ne za su nuna wa mai karatu iyakar tsakaninsu.