DARASIN KULLEN KORONA: CIWON DA BA YA JIRAN A BUƊE GARI



Yau bayaninmu a kan aikin tiyata na gaggawa ne, da abin da ya same shi lokacin kulle. Kun tuna an rufe Kano ranar 16 ga Afrilu 2020, azumi ya kama ana cikin kullen, ba a ɗage shi gaba ɗaya ba sai farkon Yuli.

Aikin tiyata kashi biyu ne. Akwai wanda zai iya jira, kamar ƙabar da ba ta ciwo ko yanar ido. Akwai kuma wanda idan ya kwana rai ne zai salwanta. Lokacin annoba asibitoci sun ɗage kashi na farko, amma ba a hana na biyu ba. Sai dai likitoci a ƙasashe da dama, har Italiya da Ingila, sun lura masu zuwa sashen gaggawa sun ragu, waɗanda suka zo kuma sun zo ciwo ya riga ya ci jiki.

*Me ya kawo jinkirin?*

1. Babu abin hawa: adaidaita sahu ba sa yawo, ga shingen jami'an tsaro.
2. Tsoro: mutum na gudun a ce korona ce a killace shi.
3. Ma'aikata sun yi ƙaranci, wasu sun kamu, kayan kariya ba su wadata ba.
4. Jini ya yi wuya, don masu bayarwa suna gida.
5. Ƙabar da aka ɗage aikinta, wani sa'in sai ta maƙale ta koma ta gaggawa.

To, ciwo bai san doka ba. Hanjin da ya maƙale jini ba ya kai masa, cikin awanni kaɗan zai iya mutuwa. Afendis idan ta kumbura takan fashe bayan kwana ɗaya zuwa biyu, ƙazanta ta watsu a ciki. Taifot kuma takan huda hanji a sati na biyu ko na uku. Kun ga aikin da zai zo da sauƙi ya koma yanke hanji da doguwar jinya.

*Alamomin da ba a kwana da su a gida:*

- Ciwon ciki mai tsanani, cikin ya yi tauri kamar katako.
- Ciwon da ya faro a cibiya ya sauka ƙasan dama, da zazzaɓi.
- Amai kore, ciki ya kumbura, ba bayan gida ba tusa.
- Ƙabar da ta ƙi komawa kuma tana ciwo.
- Ciwon maraina na farat ɗaya ga yaro ko saurayi. Awa 6 na farko su ne damar ceto.
- Matar da al'adarta ta tsaya, sai ciwon mara da jiri ko suma.
- Doguwar naƙuda, ko zubar jini ga mai ciki.

Zuma da habbatus sauda suna da amfaninsu, amma wallahi ba sa ɗinke hanjin da ya huje. A irin wannan hali kar a ba mara lafiya sanamaki ko kanwa, maganin wankin ciki yana iya ƙarasa fasa hanji. Kar a danna ƙaba da ƙarfi. Kar a ba shi abinci ko kunu, don cikin da ya cika haɗari ne wajen allurar barci.

Maigida, tun gari na lafiya ka shirya. Ka san asibitin da ke tiyata da dare kusa da kai, ka riƙe lambar maƙwabci mai mota, ka san rukunin jinin iyalinka da wanda zai iya ba su. Idan matarka na da ciki, katin awo ya zauna a kusa, shi za ka nuna a shinge. In an ba ka ranar aikin ƙaba, kar ka yi ta ɗagawa.

Ko kullen annoba ne ko dokar hana fita, mai neman ceton rai ya fita ya nufi asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Don Allah a tura wa 'yan uwa.