Salanga, fos da gologo: wa ke da ikon cewa inda za a gina su?

A Maraɗi, Damagaram, Tawa, har ma da mafi yawan unguwannin Yamai, babu bututun ƙarƙashin ƙasa da ke kwashe ƙazantar gidaje zuwa wata tasha. Kowane gida shi ke ji da tasa: salanga ko masai don bayan gida, gologo don ruwan wanka da wanke-wanke. A ƴan shekarun nan an samu sabbin dabaru, kamar fos setik mai ɗakuna biyu ko uku, salanga mai rami biyu, makewayin da ke raba fitsari da kashi, da ramin da ke fitar da iskar gas ta girki. Magina na tallarsu, masu gida na kashe kuɗi. Sai dai ko wacce aka zaɓa, akwai tambayar da ba mai gida kaɗai ke da amsarta ba: ina ruwan zai tafi idan ya bar ramin?

Dokar tsabtar jama'a ta ranar 2 ga Maris 1993 ta ɗora wa mai gida nauyin tanadar wurin zubar da bayan gida da ruwan datti, ta kuma hana sakin ruwan a kan hanya. Kundin ruwa na 2010 ya hana gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kundin ƙananan hukumomi na wannan shekarar kuwa ya sa tsabtar gari cikin aikin magajin gari. Ke nan ƙasa ce ke kafa doka, amma ma'aikatar magajin gari ce ke ba da izinin gini, ita ke da dubagari, ita ke cin tara. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, wannan iko yana hannun kantomomi.

Mutane da dama sun ɗauka fos setik tana tsabtace ruwa. Ba ta yi. Aikinta rarrabewa ne: mai nauyi ya kwanta ƙasa, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya ya wuce zuwa ramin tsotsewa ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ƙasar da ruwan ke ratsawa ita ce ke tace shi. Shi ya sa ma'aikatan tsabta ke neman a bar aƙalla mita 1,5 tsakanin gindin rami da ruwan ƙarƙashin ƙasa, a kuma nisanta ramin da rijiya kamar mita 30.

Nan ne doka ɗaya ba ta isar kowane gari, domin ƙasar ba iri ɗaya ba ce. A unguwannin da ke gangaren Gulbin Maraɗi, ruwa na kusa, ƙasa kuma rairayi ce: abin da aka zuba a rami mai zurfi ba ya daɗewa ya isa rijiyar maƙwabci, musamman da damina. Masu gina salanga kan yi alfahari da cewa sun haƙa "har sai da suka ga ruwa" don kada ramin ya cika da wuri, alhali wannan shi ne mafi hatsari. Damagaram kuwa bisa dutse take zaune. A wurare da yawa ƙasar ba ta shan ruwa, gologo ya cika ya tumbatsa cikin lungu, ya zama gidan sauro. A Yamai, kwarin Guntu Yena na kwasar ruwan dattin unguwanni ya kai shi kogin Isa. Wajen da ruwa ke kusa, abin da ya dace shi ne rami marar zurfi da aka ɗaga sama ko aka shafe da siminti. Wajen dutse, rami rufaffe da ake yashewa a kai a kai. Injiniyan da ke zaune a babban birni ba zai san wannan unguwa-unguwa ba. Ofishin gari ne ya kamata ya sani.

Sabbin dabarun ma suna da nasu sharuɗɗan. Salanga mai rami biyu tana aiki ne idan an rufe wanda ya cika aka bar shi kamar shekara biyu kafin a buɗe. Wanda ya buɗe rami biyun a tare don gaggawa ya ɓata dabarar. A Agiye, wajajen 2009, wani shiri ya koya wa manoma tara fitsari a jarka su zuba a gona, suka sa masa suna "takin ruwa". Abin ya yi amfani a ƙauye, inda gona ke bayan gida. A gidan haya mai iyali takwas a tsakiyar birni, sai an san wanda zai kwashe jarkokin.

Faransa, wadda dokokinmu da yawa suka samo tsari daga nata, ta bi wata hanya. Dokar ruwa ta 1992 ta tilasta wa ƙananan hukumomi kafa ofishin duba ramukan gidaje, SPANC. Ana duba zane kafin gini, a duba aikin kafin a rufe ramin, a dawo kafin shekara 10 su wuce. Sabuwar na'ura sai gwamnati ta amince da ita kafin a girka ta. Tun 2011 ba a sayar da irin wannan gida sai da takardar binciken. Mai gida ne ke biyan kuɗin duban, abin da zai yi wa talakan Nijar nauyi. Amma dubawa kafin a rufe rami ziyara ɗaya ce, kuma ita ce ta fi muhimmanci, tunda da zarar an zuba dalla ba mai sake ganin abin da ke ƙasa.

A garuruwanmu galibi dubagari na zuwa ne bayan maƙwabta sun kai ƙara, lokacin da ruwa ya riga ya kwanta a ƙofar gida. A ci tara, ramin na nan yadda yake. Gidaje da yawa ma ba su taɓa neman izinin gini ba, balle a ga zanen salangarsu.

Sai batun yasa. Rami ko wane iri ne yana cika, kuma fos na son a yashe ta idan laka ta kai rabinta. Inda mota ba ta iya shiga, masu yasa da hannu kan haƙa rami a lungu cikin dare su binne. Motocin ma, idan gari bai keɓe musu wuri ba, sai su juye a bayan gari ko cikin gonaki. Annobar kwalara ta 2018, wadda ta fara daga Madarunfa, ta kama mutum sama da 3.000, ta 2021 kuma ta zarce haka. Keɓe filin juyewa nesa da rijiyoyi, da yi wa masu yasa rajista, hukunci ne da kantoma ke iya ɗauka ba tare da jiran sabuwar doka daga Yamai ba.

Mai shirin gini kuwa, kafin ya kira magini, ya tambayi masu rijiya a unguwar ko a gaba nawa suka tarar da ruwa, ya auna nisa da rijiyar maƙwabci, ya bar wa fos murfin da tiyon mota zai iya kaiwa, sannan ya kai zanen sashen tsabta na ma'aikatar magajin gari.