Gasar Rawar Salsa da Bachata: Abin da Alƙali Yake Saurare Kafin Ya Duba

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya so ya yaba wa mai rawa, sai ya ce ya taka rawa. Wannan aikatau, wato “taka”, shi ne mabuɗin wannan takarda, domin a gasar salsa da bachata abin da ake fara hukuntawa shi ne inda ƙafa ta sauka da lokacin da ta sauka. An zaɓi batun ne don ɗalibai su ga yadda Hausa take ɗaukar al'amarin da ba a gidanta aka haife shi ba. An kuma jingina bayanin da garuruwa biyu na arewacin Jamhuriyar Benin, Parakou da Djougou, inda Hausawa suka daɗe da zama.

Tun da fari a lura da jinsi. Kalmomin salsa da bachata duk tamata ne a bakin Bahaushe saboda wasalin ƙarshe, don haka ake cewa “salsar Kyuba”. Rawa da gasa su ma tamata ne, amma kiɗa namiji ne duk da ya ƙare da “a”, shi ya sa muke cewa rawar salsa amma kiɗan salsa. A ƙa'idar rubutun Hausa “bacata” ya kamata a rubuta. An bar ta a nan yadda masu ita suke rubutawa.

2.0 Asalin Kaɗe-kaɗen da Isowarsu Borgu

Salsa ta tsiro ne daga kaɗe-kaɗen ƙasar Kyuba, musamman son da mambo, amma a birnin New York na Amurka sunan ya kama ta, a hannun baƙi daga Kyuba da Puerto Rico da Jamhuriyar Dominikan. Kamfanin faifai na Fania, wanda Johnny Pacheco da Jerry Masucci suka kafa a 1964, shi ya yayata sunan. A Sifaniyanci kalmar tana nufin miya. Ita kuwa bachata ta Jamhuriyar Dominikan ce, kiɗan jita ne da waƙoƙin begen masoyi, kuma José Manuel Calderón ne ya fara sa ta a faifai a 1962. Ta daɗe masu hali suna yi mata kallon kiɗan mashaya, kwatankwacin kallon da ake yi wa goge a ƙasar Hausa. Faifan Juan Luis Guerra mai suna Bachata Rosa na 1990 ya ɗaga darajarta, a 2019 kuma hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

To, me ya haɗa wannan da Parakou da Djougou? Garuruwan biyu suna kan tsohuwar hanyar fataken goro da ke tashi daga Kano su nufi Gwanja, kuma zango ne ya ajiye Hausawa a cikinsu, kusa da Dendawa da Bargawa da sauran masu gari. Daga baya hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Kwatano ta tsaya a Parakou, garin ya zama masaukin kaya da baƙi da kiɗan zamani. Tun daga 1933 kamfanin HMV na Ingila yake buga faya-fayan Kyuba masu lamba GV don kasuwannin Afirka, kuma kunnen mutanen Dahomey bai baƙunce su ba, domin cikin bayin da aka kai Kyuba akwai 'yan wannan ƙasa, waɗanda a can ake kira Arará. A shekarun 1970 ƙungiyar Orchestre Super Borgou de Parakou ta Moussa Mama ta riƙa gauraya waƙoƙin Barganci da Dendi da kiɗan Ghana da na Kwango da na Kyuba. Kamfanin Analog Africa ya tattara wasu daga ciki ya sake fitarwa a 2012. A kudu kuma akwai Gnonnas Pedro, wanda ya shiga ƙungiyar Africando, aka ji shi a faifan Gombo Salsa na 1996, ya rasu a 2004. Ke nan kiɗan tsohon baƙo ne a ƙasar. Rawa a gaban alƙalai masu ba da maki ita ce sabuwa.

3.0 Ƙidaya da Hukunci

Ginshiƙin kiɗan salsa shi ne clave, wato sanduna biyu gajeru da ake ƙwanƙwasawa sau biyar, uku sannan biyu, ko biyu sannan uku. A kan wannan mai rawa yake ƙidaya takwas. Yana taku a ɗaya, biyu, uku, ya dakata a huɗu, ya sake taku a biyar, shida, bakwai, ya dakata a takwas. Taku shida ke nan cikin ƙidaya takwas, kuma dakatawar nan biyu ita ce take tona asirin ɗan koyo, saboda ƙafarsa ba ta son jira.

Akwai kuma takun da ake sauya alkibla da shi. Masu salon Los Angeles suna yin sa a kan ɗaya. Masu salon New York, wanda Eddie Torres ya tsara koyarwarsa, suna yin sa a kan biyu. A manyan gasanni ana raba su rukuni-rukuni, kuma wanda ya shiga rukunin “a kan biyu” ya zame ya koma kan ɗaya ya zubar da maki, ko da 'yan kallo sun tashi tsaye suna tafi. Bachata ta fi sauƙin ƙidaya: taku uku zuwa gefe, a na huɗu a taɓa ƙasa da ƙafa ba tare da ɗora nauyi ba, sannan a dawo.

A nan ne bambancin da ke tsakanin wannan gasa da rawar dandali yake fitowa, kuma a ganina shi ne abu mafi muhimmanci ga ɗalibi. A dandali makaɗi yana kallon mai rawa. Mai kalangu yakan bi ƙafar budurwa, idan ta yi sauri ya ƙara, idan ta tsaya ya jira ta, har ya kaɗa mata takenta. Hukunci kuwa na jama'a ne, da guɗa da liƙi ake yanke shi. A gasar salsa galibi faifai ake sawa, faifai kuwa ba ya jiran kowa. Nauyin daidaituwa gaba ɗaya ya koma wuyan mai rawa. Saboda haka gwanin dandali na iya shiga fili da ƙafa mai kyau ya fita a zagayen farko.

Gasa iri biyu ce aka fi sani. A ta farko, abokan rawa suna zaɓar kiɗansu, su yi watanni suna tsara rawar da za su nuna cikin 'yan mintoci. Ta biyu ana kiranta Jack and Jill: ƙuri'a ce take haɗa mutum da abokin rawa, kuma bai san kiɗan da za a sa ba sai ya ji shi. Ni ta biyun nake ɗauka gasar gaskiya, domin ba a iya haddace ta. Yawancin gasannin a tarukan salsa ake yin su, irin wanda aka fara a Puerto Rico a 1997, sai kuma bikin birnin Cali na Kolombiya da aka soma a 2006, inda saurin ƙafa ya kai a kasa bin sa da ido.

Bayan ƙidaya, alƙalai suna duba abin da za mu iya kira “jin kiɗa”. Hausa ta yi dace a nan, domin aikatau “ji” ya haɗa saurare da fahimta da abin da jiki yake ji, duka ukun kuwa ake nufi: kiɗa ya tsaya, jiki ya tsaya, kakaki ya ɗaga, rawa ta ɗaga. Suna kuma duba jituwa tsakanin biyun. Ɗaya shi ne mai ja, ɗaya mai bi. Sai dai a yi hattara da “ja”, don gwani ba ya fizgar hannu. Ɗan matsi ne da yatsu ko juya kafaɗa yake sanar da mai bi cewa juyi na zuwa. Wanda aka ga yana jan abokiyar rawarsa da ƙarfi an rage masa maki. “Jagora” ma za ta iya zama, amma tana kawo hoton makaho da ɗan jagora, alhali mai bi tana da nata gani da nata ado.

4.0 Riƙe Hannu

Saurayi ko budurwa daga zangon Djougou, ko ɗalibin Jami'ar Parakou da aka buɗe a 2001, idan yana sha'awar wannan gasa, yana da alƙalai biyu: na tebur da na gida. Djougou gari ne da Musulmi suka fi yawa, kuma raye-rayen da aka saba gani a yankin, irin rawar sanda ta Bargawa da ake kira teke, ko wasannin bikin Gaani na Nikki (ɗalibi ya tuna watan Gani da sallar Gani ta Daura), ba a gina su a kan namiji ya riƙe mace ba. Mun san irin wannan jayayya a Kano, inda rawa da waƙa tsakanin namiji da mace a fim suke cikin abubuwan da aka fi ce-ce-ku-ce a kansu tun kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Bachata ta fi salsa shiga wannan rigima, musamman salon da ya fito daga Cádiz ta Sifaniya a shekarun 2000, wanda ake matso jiki sosai. Tsohon salon Dominikan ya fi ba da ƙarfi ga ƙafa.

Tsarin gasar kansa ya bar ƙofa. Akwai rukunin mutum ɗaya, wanda ake taka rawar ba tare da abokin rawa ba, akwai kuma rukunin ƙungiya, ta maza zalla ko ta mata zalla. A waɗannan babu mai ja, babu mai bi, makin jituwa kuma yakan koma kan yadda 'yan ƙungiya suke sauke ƙafa tare a ƙidaya guda.