Karnukan Sarauniya Elizabeth: Shaƙuwar da ta faro tun tana 'yar shekara 7

Ranar 19 ga watan Satumban 2022, lokacin da motar da ke ɗauke da gawar Sarauniya Elizabeth ta II ta isa Fadar Windsor, wasu ma'aikatan fada biyu sun fito da gajerun karnuka guda biyu, Muick da Sandy, suna riƙe da igiyoyinsu har gawar ta wuce.

Hoton ya karaɗe duniya. Amma ga waɗanda suka san tarihin marigayiyar, wannan shi ne ƙarshen wata shaƙuwa da ta ɗauki kusan shekara 90, wadda ta faro tun kafin kowa ya yi tunanin za ta hau gadon sarauta.

Dookie, karen farko

A shekarar 1933 Elizabeth tana 'yar shekara bakwai. Ita da ƙanwarta Margaret sun ga wani irin kare da ake kira corgi a gidan wasu abokan iyayensu, suka ƙwallafa rai a kansa.

Mahaifinsu, wanda a lokacin yake riƙe da sarautar Duke na York, ya nemi wata mai kiwon karnuka mai suna Thelma Gray, wadda ta kawo 'yan kwikwiyo uku domin a zaɓa. Wanda aka ɗauka shi ne aka riƙa kira Dookie, sunan da ya samo asali daga sarautar mai gidan.

Corgi kare ne na makiyayan yankin Wales. Yana da gajerun ƙafafu da kunnuwa a tsaye, kuma aikinsa na asali shi ne kora shanu ta hanyar cizon ƙafafunsu. Dookie bai bar halin kakanninsa ba, don ya yi suna wajen kai wa baƙi da fadawa cizo. Hakan bai rage masa matsayi a wajen yaran ba.

Me ya sa shaƙuwar ta yi ƙarfi?

Elizabeth ba ta taɓa zuwa makaranta kamar sauran yara ba. A gida aka koyar da ita da ƙanwarta, ƙarƙashin kulawar malamarsu Marion Crawford, don haka abokan wasansu ba su da yawa. Karnuka da dawakai ne suka cike wannan gurbi.

A watan Disambar 1936 rayuwarta ta sauya baki ɗaya. Wan mahaifinta, Sarki Edward na VIII, ya yi murabus domin ya auri Wallis Simpson. Mahaifinta ya zama Sarki George na VI, ita kuma tana 'yar shekara 10 ta wayi gari a matsayin mai jiran gado.

Daga nan manya suka fara rusuna mata, ana auna kowace magana kafin a faɗa a gabanta. Kare kuwa bai san sarauta ba. Yadda ya saba tarbar ta jiya, haka zai tarbe ta yau.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, yaran sun shafe mafi yawan shekarunsa a Fadar Windsor, yayin da iyayensu ke yawan zama a Landan. A can ma karnukan suna tare da su. A 1944 mota ta take wata karyarsu mai suna Jane, wadda aka kawo bayan Dookie, ta mutu.

Susan, wadda ta bi amarya

A wannan shekarar ce Elizabeth ta cika shekara 18, aka ba ta kyautar wata 'yar kwikwiya da aka sa wa suna Susan. Ita ce ta farko da ta zama tata ita kaɗai.

Ko a ranar aurenta da Yarima Philip a watan Nuwambar 1947 ba su rabu ba. An ɓoye Susan a ƙarƙashin barguna cikin keken dokin da ya ɗauki ango da amarya zuwa tashar jirgin ƙasa, aka tafi hutun amarci da ita.

Susan ta mutu a 1959, aka binne ta a gidan sarauta na Sandringham, inda aka rubuta a kan dutsen kabarinta cewa amintacciyar abokiyar zaman Sarauniya ce.

Daga tsatsonta ne aka samu mafi yawan karnuka fiye da 30 da Sarauniyar ta mallaka a zamanin mulkinta. Sau da yawa da kanta take ba su abinci, take kuma fita yawo da su. A 1991 sai da aka yi mata ɗinki uku a hannu bayan da aka cije ta tana ƙoƙarin raba su faɗa.

A 2012, uku daga cikinsu sun fito tare da ita da ɗan wasa Daniel Craig a ɗan gajeren fim ɗin James Bond da aka nuna a bikin buɗe gasar Olympics ta Landan.

Fargabar barin su a baya

Da tsufa ya kama ta, sai ta dakatar da kiwon. Monty Roberts, wani Ba'amurke mai horar da dawakai da ya daɗe yana hulɗa da ita, ya bayyana a 2015 cewa ta shaida masa ba ta son ta mutu ta bar ƙaramin kare a baya.

A watan Afrilun 2018 Willow ta mutu, wadda ita ce corgi ta ƙarshe daga zuriyar Susan, bayan hayayyafa har hawa 14.

Sai dai a 2021, shekarar da mijinta Yarima Philip ya yi jinya kuma ya mutu, iyalinta sun kawo mata sababbin 'yan kwikwiyo domin su ɗebe mata kewa. Cikinsu akwai Muick da Sandy.

Sarauniyar ta mutu ranar 8 ga Satumban 2022 a Balmoral tana da shekara 96, bayan mulkin shekara 70. Abin da ta yi gudu ya faru, domin ta tafi ta bar karnukan biyu da ƙuruciyarsu. Ɗanta Andrew da tsohuwar matarsa Sarah Ferguson ne suka karɓi riƙonsu bayan jana'izar.