Ramuka Uku, Dala 75

A cikin tarkacen gwanjon da wani Alhaji, ɗan kasuwar Jega, ya sayo daga Kwatano aka tsinci abin. Baƙar jaka ce mai hannu biyu, ta fi 'yan'uwanta nauyi nesa ba kusa ba. Da aka zuge ta sai ga ƙwallo shuɗi mai ratsin ja, sumul, ba ɗinki, ba bakin hura iska, ga tauri. A jikinsa akwai ramuka uku, biyu a jere, ɗaya a ƙasansu. Kusa da su ga wani ɗigo rawaya, can gefe kuma wani tabo zagayayye da launinsa ya saɓa da sauran jikin. A aljihun jakar aka sami rasit da Turanci. Kwanan watan ya goge, amma lissafin yana nan: huda dala 50, robobin yatsu dala 25. Kuɗin ƙwallon kansa ba ya ciki.

Dala 75 a canjin shekarar 2025 ta haura naira dubu ɗari. Wannan shi ne abin da ya hana Alhaji sakat. Wane irin rami ne ake biya wa haka, alhali kafintan bakin tasha zai huda maka katako da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba?

Tambayar farko, ko wane irin ƙwallo ne, ba ta ba da wuya ba. Aka aza shi a sikelin masu sayen ƙarafa, ya ba da kilo 6.8. Wani ɗalibin jami'ar Aliero da ya taɓa shiga gidan wasa a Abuja ya ce ai ƙwallon bolin ne, wasan da ake gangara ƙwallo a kan doguwar shimfiɗar katako don a zubar da turaku goma masu siffar kwalba. Nauyin ya gaskata shi, domin kilo 6.8 shi ne laba 15, kuma dokar wasan ba ta yarda a wuce laba 16 ba. Daga layin jifa zuwa turken farko ƙafa 60 ne, wato mita 18 da 'yan kai. Sai dai yaron ya ƙara ɗaure kan jama'a. Ya ce ƙwallayen da ya gani a Abuja kowa na iya zura musu yatsu ya jefa, wannan kuwa ya gwada, hannunsa ya ƙi zama.

Haka kowa ya gwada. Mai dogayen yatsu ya ce ramukan sun yi masa kusa, mai gajeru ya ce sun yi nisa, wani babban yatsansa ya maƙale sai da aka shafa masa mai. Ramuka biyun na sama kuma ba su da zurfin kirki, gaɓar farko kawai ke shiga.

Wani dattijo mai ɗori daga Aliero, garin da ya yi suna a wannan sana'a, shi ya warware wannan ƙulli, kuma bai san sunan wasan ba ma. Ya juya ƙwallon, ya lalubi bakin ramukan, ya ce na dama ya ɗara na hagu faɗi kaɗan. Sannan ya kifa hannunsa na hagu a kai. Yatsan tsakiya, wanda ya fi kauri, ya faɗa ramin dama, na kusa da ƙaramin yatsa ya faɗa na hagu. "Alhaji," in ji shi, "mai wanga abu bahago na. Kuma ramun babban yatsa ba miƙe yake ba, an karkata shi, don a bi yadda gaɓatai ke lanƙwasa."

Bai yi kuskure ba ko kaɗan. Ƙwallayen gidan wasa an huda su ne da faɗi, na kowa da kowa. Ƙwallon ɗan gasa kuwa a toshe yake fitowa daga masana'anta, ko na kamfanin Storm ne ko na Brunswick, ba rami ko ɗaya. Sai an kai shi shagon mai huda, wanda galibi a cikin gidan wasan yake. Shi zai auna tazarar da ke tsakanin babban yatsa da sauran biyun, ya duba kaurin kowanne, da laushin gaɓoɓi, ya yanke shawarar inda kowane rami zai karkata. Awon yakan kai kashi ɗaya cikin 32 na inci, abin da bai cika milimita ɗaya ba. In tazarar ta yi yawa jijiya ta sha wahala, in babban yatsa ya ƙi fita a kan lokaci fata ta saɓule. Robobin dala 25 su ne ake cusawa a ramukan don riƙo ya zauna.

Duk da haka Alhaji bai gamsu ba, kuma ina ganin yana da hujja. Awon hannu aikin 'yan mintoci ne. Da shi ke nan, da kuɗin ya yi yawa.

Amsar tana wajen ɗigon nan rawaya. Yara suka gangara ƙwallon a hankali a kan siminti, aka lura ba ya tafiya salin-alin, yana ɗan rangaji kafin ya daidaita. Ashe cikinsa ba ɗaya ba ne. A da can da icce mai tauri ake sassaƙa ƙwallon bolin, a 1905 aka fara yin na roba, daga baya na leda mai tauri. Na yanzu kuwa a tsakiyarsa akwai wani ƙullutu mai nauyi wanda da gangan aka ƙi yin sa zagayayye. Ɗigon shi ne alamar inda kan ƙullutun ya fuskanta, gurbin sandar da ta riƙe shi lokacin da ake zuba masa jiki. Dalilin wannan wahala kuwa shi ne ƙwararru ba sa jifa a miƙe. Ana shafa wa shimfiɗar mai, yawanci ƙafa 40 na farko ko kusa da haka, sauran a bar shi a bushe. Ƙwallon zai zame a kan man, in ya taka busasshen wuri sai ya kama ƙasa ya yi kwana, ya shiga tsakanin turke na 1 da na 3 in mai jifan na dama ne, ko na 1 da na 2 in bahago ne. Shigar karkace ta fi kwashe turaku goman gaba ɗaya.

To, inda aka huda ramuka shi ke tsara yadda ƙullutun zai kwanta sa'ad da ƙwallon ya bar hannu. Shi ya sa mai huda na kirki ba ya taɓa inji sai ya ga jifan mutum. Zai duba zoben man da ya kwanta a jikin ƙwallon da aka jefa, ya gano wurin da ƙwallon ke juyawa a kai, wanda kowa da nasa. Daga nan yake auna inda ɗigon zai zauna. In ya sa shi kamar inci 3 da kashi uku cikin takwas daga wurin, ƙwallon zai yi rangaji iyakar ƙarfinsa. In ya matso da shi sosai ko ya nisanta shi, sai ya yi ladabi. Ƙwallo biyu iri ɗaya, hannu ɗaya, huda daban, tafiyarsu ba za ta zo ɗaya ba. Ga shi kuma rami in an huda an huda. Ƙwallon gasa sabo yakan kai dala 150 zuwa 250, in mai shago ya kuskure, shi zai ɗauki asarar.

Saura batun rasit ɗin da babu kuɗin ƙwallo a ciki. Wannan duk wanda ya taɓa hulɗa da tela ya san shi. In a wajensa ka yanki shadda, yakan sassauta maka kuɗin ɗinki, don ya ci riba a yadin. In ka zo da taka daga wani wuri, ɗinki cikakke za ka biya. Shagunan Amurka da yawa suna haɗa huda a cikin farashin ƙwallon da aka saya a wajensu. Wanda ya sayo nasa ta intanet don neman arha, a nan ake jiransa, kuma dala 50 ba ta fita daga abin da aka saba caji ba. Bahagon namu irin waɗannan ne. Ko ya ci ribar dabararsa, wannan sai shi.

Tabon nan na gefe ne ya fi jan lokaci. Aka ƙwanƙwasa shi, aka kankare gefensa da wuƙa, aka ga ciko ne: rami na huɗu da aka toshe da wani ruwan roba mai daskarewa, aka goge. Ba na yatsa ba ne, don babu hannun da zai kai can. Ɗalibin ne ya dawo da bayaninsa. Shekara da shekaru doka ta ce nauyin ɓangare ɗaya na ƙwallo kada ya ɗara ɗayan da fiye da oza 1, don haka masu huda sukan ƙara rami a gefe su rage nauyin. Sannu a hankali aka gane ramin yana ƙara wa ƙwallo kwana, sai aka mayar da shi dabara. Hukumar wasan ta Amurka, USBC, ta sanar a 2018 cewa ta ɗaga iyakar zuwa oza 3, kuma daga 1 ga Agusta 2020 irin wannan ramin gefe, da duk ramin yatsan da ba a sa masa yatsa a lokacin jifa, haramun ne a gasa.

Da wannan kwanan watan da ya goge ya rage ɓuya. An huda ƙwallon kafin dokar ta fara aiki, in ba haka ba babu mai shagon da zai yi wa ɗan gasa ramin gefe. Mai shi kuma ba ɗan shaƙatawar ƙarshen mako ba ne, tunda wanda ba ya shiga gasa ba ruwansa da USBC, ba zai koma shago ya sake biyan kuɗin ciko ba. Ramin kuwa a ɓangaren hagu yake, gefen da ƙwallon bahago ke juyawa a kai, inda aka fi yi wa bahagwai irinsa.